Shekarar da Na Yi Gadin Kututture

Abin ya fara ne a daminar da ruwa ya rushe katangar gabas ta masallacin unguwarmu a Fassi, muka yi wata biyu muna sallah a ƙarƙashin darbejiya, liman yana karatu tsuntsaye suna yi masa ɓarna a rawani. Manyanku za su iya tunawa, ƙananan kuwa ba a haife su ba. Abin da kuka taso kuna ji a gari shi ne mahaifinku ya shekara cur yana gadin juji, ranar da gadin zai yi amfani kuma ya sa aka banka masa wuta. Na sha ganin yadda kuke sunkuyar da kai idan an yi zancen a gabanku. Yanzu da hannuna ya saba da biro, bari in rubuta muku yadda aka yi, ku ji daga bakina.

A ƙofar gidanmu, hannun hagu idan an fito daga zaure, akwai kututturen wata tsohuwar ɗorawa da iska ta kayar tun mahaifinmu yana da rai. An sare rassan an yi girki da su, gindin kuwa ya fi ƙarfin gatari aka bar shi. Shekara da shekaru mata suna zubar da ƙaiƙayi da shara a jikinsa, awaki suna kwanciya a kai, ruwa yana dukansa, har ya ruɓe ya yi laushi kamar burodin da ya jiƙa. Gidan na gado ne, mu biyu muke ciki da iyalanmu, ni da yayana Alhaji Garba, wato Baffanku, wanda yake jan mota tsakanin Kibiya da Kano. Shi ne babba, shi ne maigida, kuma shi ya san birni. Ni noma na tashi da shi, kuma tun muna yara idan Yaya ya ce a yi, yi nake.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, Innarku ta tare ni ina dawowa daga masallaci, ta toshe hanci da bakin mayafi.

"Malam, ɓera ya mutu a ɗakin nan."

Muka ɗaga katifa, muka janye akwati, na leƙa rumbu, na duba bayan tulu. Babu ɓera. Warin kuwa sai ƙaruwa yake, har ya zama kamar ba ɓera ba ne, jaki ne. Na bi shi da hanci na fita zaure, ya kai ni gindin kututturen nan. A nan na ga abin. Tsayinsa kamar taƙi ɗaya, fari sol kamar rogon da aka ɓare, a kansa wata 'yar hula baƙa-baƙa mai yauƙi. Daga ƙarƙashin hular wata raga ta sauko ta kewaye shi har ƙasa kamar gidan sauro, sai dai ita ja ce wur kamar manja, bakinta na ƙasa kuma shuɗi. Manyan ƙudaje masu sheƙi sun yi masa rumfa. A gefensa akwai wasu ƙwallaye kamar ƙwan zabo, rabinsu a cikin ƙasa, idan ka taɓa taushi. Ina tsaye ɗaya daga cikinsu ya tsage, wani ya fara leƙowa. Na san laimar kwaɗi tun ina yaro, fara da ruwan ƙasa, manya da ƙanana, amma ban taɓa ganin mai sanye da riga ba.

Kafin hantsi rabin unguwa ya hallara, kowa hannu a hanci amma babu mai tafiya. Wata tsohuwa ta ce wannan shukar aljanu ce, a bar musu abinsu. Wani ya ce asiri aka binne mana ya tsiro. Yaya ya fito zai tafi tasha, ya dubi taron, ya dubi abin.

"Haladu, ɗauko fartanya ka kawar da ƙazantar nan. Ƙofar gidan mutane ce."

Na juya ke nan sai ga Malam Nuhu a kan babur, malamin firamare da ke koyar da manya karatu bayan la'asar. Ya tsaya, ya tsuguna, ya fiddo waya.

"Alhaji, a dakata in ɗauki hotonsa. Na yi karatu har birni ban ga irin wannan a littafi ba."

"A littafin ma wari yake yi?" in ji Yaya. Ya shiga mota ya tafi.

Ban kawar da shi ba, domin kafin azahar ya langaɓe da kansa ya kwanta, kaji suka ƙarasa shi. Kwana huɗu yana fitowa da safe yana mutuwa da rana, daga nan ya ɗauke. Muka sha iska, kowa ya manta.

Bayan kamar mako uku sai ga Malam Nuhu da baƙuwa. Ashe hoton nan ya yi ta yawo daga waya zuwa waya har ya faɗa hannun wata malamar jami'a, Dakta Rabi, wadda aikinta ke nan, binciken laimar kwaɗi da danginta. Ranar Yaya yana hanya, bai gan ta ba, kuma ku riƙe wannan, domin da ya gan ta da labarin ya canza. Mace ce mai kamala, da atamfa mai tsada da gilashi, amma ko ruwa ba ta tsaya sha ba. Ta durƙusa a kan jujin nan gwiwa biyu, ta sa hannu ta damƙo ruɓaɓɓen itace ta kai hanci ta shaƙa, kamar mai zaɓen turare a kasuwa. Innarku da ke leƙe ta zaure ta ce, "Inna lillahi, har da masu digiri."

Dakta ta yi mini bayani a hankali. Ta ce abin da muka gani kamar fure ne kawai, ainihin halittar tana cikin kututturen, siraran zare ne farare da ke cin ruɓaɓɓen itace, dangin funfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Ta ce ta san 'yan'uwansa masu farar raga, amma mai jar raga da shuɗin baki ba ta taɓa gani ba, ta tambayi na gaba da ita su ma ba su sani ba.

"Malam Haladu, mai yiwuwa babu wanda ya taɓa rubuta shi a duniya. Idan haka ne, suna za a raɗa masa, a sa a littafi cewa a Fassi aka same shi. Amma masana ba sa karɓar hoto. Sai na zo na ɗauke shi da ransa, shi da ƙwayayen, na kai ɗakin bincike."

"To yaushe zai sake fitowa?"

"Sai wata daminar, in Allah ya kai mu. Abu ɗaya nake roƙo. Kada a sare kututturen nan, kada a share, kada a ƙona. Yadda yake da dattinsa haka nake son sa."

Na ce mata in dai wannan ne, an gama. Rashin shara ai ba aiki ba ne. Sai ta buɗe jaka ta miƙo mini littafi mai shuɗin bango da biro biyu, ta ce kullum da safe in duba in rubuta abin da na gani, da ranar da aka yi ruwa, da lokacin da ya buɗe. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Kunya ta hana ni gaya mata cewa ni da biro ba mu taɓa gaisawa ba. Na yi karatun allo gwargwado, amma boko ko sunana ban iya ba. Da motarta ta tashi Malam Nuhu ya dube ni, ya dubi littafin.

"Gobe bayan la'asar. Akwai benci a baya, babu mai ganinka."

Haka na shiga ajin manya ina da furfura a gemu. Na gaya wa Malam Nuhu kada ya wahalar da ni da abin da ba na bukata tukuna, ya fara koya mini abin da zan rubuta gobe da safe. Ya tambaye ni me na gani yau. Na ce babu. Ya rubuta mini a allo, na kwafa har yatsuna suka ƙage. Washegari na tsuguna gaban kututture, na duba gabas na duba yamma, na rubuta: Yau babu. Jibi ma haka. Na yi wata tara ina rubuta kalmomin nan biyu. Da farko layi ɗaya yana cin rabin shafi, harufan kamar sawun kaza a taɓo, daga baya suka daidaita suka yi kyau, har Malam Nuhu yana ɗaga littafina a aji yana cewa duk ƙaramar hukumar Kibiya babu wanda ya kai ni iya rubuta babu. Sannu a hankali na fara ƙari. Yau babu, akuya ta hau. Yau babu, an yi zafi.

Ashe rashin shara aiki ne, babba ma. Da rani ya yi, itace ya yi wuya, Innarku ta fara kallon kututturen nan kamar yadda mai azumi yake kallon randa.

"Malam, gefe ɗaya kawai zan ɓantara. Aljanin naka ba zai sani ba."

"Ba aljani ba ne, zare ne."

"To zaren ya dafa maka tuwo."

Sai na ɗauki gatari in tafi daji in yiwo mata itace, in wuce wanda ke ƙofar gidana. Kaji suka dame shi da tono, na yi masa shinge da kara da ƙaya. Shingen ne ya jawo mini suna. Mutum ya kewaye gonarsa an gane, ya kewaye rijiya an gane, amma wanda ya kewaye juji ya yi masa 'yar ƙofa, yana shiga kullum da littafi, wannan sai a yi masa addu'a. A majalisar mai shayi aka naɗa ni Sarkin Juji. Idan na wuce sai su miƙe su dunƙule hannu.

"Ranka ya daɗe! Ya mutanen ƙasa? Sun kwana lafiya?"

Nakan ce lafiya lau, suna gaishe ku. Wani mai magani daga kasuwar Kibiya ya zo har gida ya ja ni gefe, ya ce ya ji labarin siffar abin da ƙarfin warinsa, ya tabbata maganin maza ne, in ɓantaro masa ɓawon mu yi kasuwanci. Na hana shi. Ya koma ya baza cewa ni kaɗai nake sha a ɓoye. Abin da Innarku ta ce da labarin ya iso mata, ba zan rubuta muku shi ba.

Yaya kuwa bai taɓa hana ni ba, bai kuma taɓa saurarona ba. Sau uku ina zaunar da shi in yi masa bayanin zaren da ke cikin itace, sau uku yana duba agogo.

"Haladu, ni na san 'yan boko, kullum ina ɗaukarsu a mota. Mutanen da ke goge kujera da hankici kafin su zauna, su ne za ka ce mini suna son datti? Ba ka fahimce ta ba ne."

Damina ta dawo. Ruwan farko, babu. Na biyu, babu. Muka yi shuka, muka yi noman fari, gero ya kai gwiwa, babu. 'Yan majalisa suka fara yi mini ta'aziyya. Sai wata Talata, bayan ruwan kwana biyu a jere, na buɗe 'yar ƙofata na tsuguna, na ga ƙasa ta tsattsage a gindin kututturen. Ƙwai biyar. Na ƙirga sau uku. Na buɗe littafi na rubuta: Yau akwai. Ban taɓa rubuta kalmar ba sai ranar, amma ta fito daidai. Na tafi makaranta da sauri na fiddo Malam Nuhu daga aji, ya kira Dakta. Ina jin muryarta ta cikin wayar tana hamdala. Ta ce ranar Alhamis da ƙarfe takwas na safe za ta iso da abokan aikinta biyu da kayan aiki, a samu wanda zai tare su a Kibiya, domin ruwa ya ɓata hanyar da ta sani.

Da Yaya ya ji cewa mutum uku za su zo daga jami'a, da motar ofis, sai ya zama wani mutum daban. Ranar Laraba bai fita aiki ba. Ya gaya wa mai unguwa, ya gaya wa liman, ya aika wa surukansa na Dawaki. Ya sa aka kama zabi huɗu da zakara. Ya aro kujerun roba da rumfar biki. Har ya dafa kafaɗata a gaban mutane ya ce, "Ƙanena ne, tun yana yaro haka yake da zurfin tunani." Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Shekara guda ana yi mini dariya, yau ga Yaya yana nuna ni.

Ranar Alhamis da asuba biyu daga cikin ƙwayayen suka fashe. Kafin rana ta fito sun miƙe, sun saki jar rigarsu, warin ya cika unguwa har masallaci. Ban taɓa jin abin da ya yi mini daɗi a hanci kamarsa ba. Yaya ya fito yana tari.

"Maza ka tafi Kibiya ka taro su, kada su ɓata. Nan ka bar mini."

"Yaya, kada dai a taɓa wurin."

"Haba Haladu. Ni ne fa."

Na hau acaɓa na tafi. Ƙarfe takwas ta yi, tara ta yi, goma ta wuce, ina tsaye a bakin tasha da littafina a aljihu. Sai wajen sha biyu saura suka iso, taya ce ta fashe musu bayan Rano. Aka sa ni a gidan gaba. Duk hanya ina ba su labari, ina cewa biyun da suka buɗe wataƙila sun langaɓe yanzu, amma kada su damu, akwai uku da ba su fashe ba, gobe da safe za su gani da idonsu. Dakta tana ta sa mini albarka. Samarin biyu suna duba kwalabe da 'yan wuƙaƙe a cikin akwati.

Da muka shigo layinmu na ce wa direba ya wuce, ba nan ba ne. Sai na ga zaurenmu. Ƙofar gidan an share ta tas, an zuba farin yashi daga rafi, an jera duwatsu an shafa musu farar ƙasa. Rumfa a tsaye, kujeru a layi, mutane cike, Yaya a gaba cikin babbar riga mai aiki. Iska tana ƙamshin turaren wuta, da ɗan ƙaurin fetur a ƙarƙashinsa. Na duba hannun hagu. Babu shinge, babu juji, babu kututture. A daidai wurin an shimfiɗa darduma, an ɗora kujera mai hannu, wadda ta fi kowace kyau.

Daga baya Innarku ta ba ni labarin yadda aka yi. Ina ɓacewa Yaya ya tara majiya ƙarfi goma da gatura da diga. Ta fito ta ce masa, "Yaya, ya ce fa kada a taɓa." Ya ce, "Ai ba taɓawa za mu yi ba, gyarawa za mu yi. So kike a ce manyan mutane sun zo gidanmu sun zauna cikin ɗoyi?" Ruɓaɓɓen itace bai yi musu gardama ba, cikin awa biyu suka tumɓuke shi. Warin ya ƙi tafiya, Yaya ya zuƙo fetur daga motarsa ya zuba a ramin, aka tura guntayen da biyun da suka buɗe, aka ƙyasta ashana. Da wuta ta mutu aka cike da yashi.

Aka zaunar da Dakta a kujera mai hannu. Liman ya yi addu'a, mai unguwa ya yi maraba, Yaya ya yi jawabi a kan muhimmancin ilimi. Ita kuwa sai waige-waige take. Da ya numfasa ta ce:

"Alhaji, mun gode ƙwarai. Amma lokaci yana tafiya. Ina kututturen?"

"Ai kina kansa, Hajiya."

Ta duba ƙarƙashin kujera. Ta ɗaga bakin darduma. Yashi.

"Kada ki damu," in ji Yaya yana murmushi, "kayanki suna nan, mun adana miki."

Ya yi alama, aka fito da kwano mai murfi a kan tire, an rufe da sabon tawul. Ya buɗe da kansa. Ƙwayayen nan uku ne a ciki, sun yi fari sun takura, an ɗan yayyafa musu turare.

"Na ga idan aka bar su fashewa za su yi su ɓata wuri, shi ne na sa aka dafa su. Yanzu ko mako za su yi ba abin da zai same su."

Ɗaya daga cikin samarin ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Dakta ba ta yi dariya ba. Ta cire gilashinta ta riƙe, ta daɗe tana kallon kwanon. Da ta yi magana muryarta a ƙasa take, amma har na bayan rumfa sun ji.

"Shekara guda nake jiran safiyar nan. Abu ɗaya na roƙa. Wa ya sa aka yi wannan?"

Na dubi Yaya. Murmushin yana nan a fuskarsa amma babu kowa a bayansa, sai a lokacin ya gane. Ga mai unguwa, ga liman, ga surukansa da suka taso tun daga Dawaki, ga 'yan majalisar mai shayi a tsaye a baya suna jiran abin da za su ci mako guda da shi. Na ga hannunsa yana lalubar bakin babbar riga. Mutumin nan shi ya riƙe ni da mahaifinmu ya rasu, shi ya tsaya mini na yi aure, kuma tun asuba yake zufa don kada a raina gidanmu. Ni an riga an saba yi mini dariya, ta zauna mini kamar tsohuwar riga. Shi bai taɓa sa ta ba, kuma a shekarunsa ban ga yadda za ta shige shi ba.

Na ce, "Ni ne, Dakta. Ni na roƙi Yaya kafin in fita. Na ga baƙi za su zo."

"Kai?"

"Ni."

Ta miƙo hannu ta karɓi littafin da ke leƙowa daga aljihuna. Ta buɗe shafin farko mai sawun kaza, ta yi ta juyawa, babu, babu, babu, har ta kai inda na rubuta akwai, da zanen da na yi na ƙwai biyar da inda kowanne yake. Ta dube ni, ta dubi Yaya, ta sake dubana. Ina jin ba ta yarda ba. Amma mace ce mai hankali, ta rufe littafin ta ce, "To. Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ta ɗauki hoton kowane shafi, ta sa samarin suka tona ramin suka ɗebi toka da gawayi, ta juye dafaffun ƙwayayen a kwalba. Abinci kuwa loma biyu ta yi. Samarin ne suka yi wa zabin adalci.

Motarsu ba ta gama fita layi ba dariya ta fashe. Waɗanda suka yi saran da hannunsu su suka fi kowa, suna cewa da ma sun yi mamaki, ashe umarnin Sarki ne da kansa. Kafin ranar kasuwa labarin ya kai Kibiya, kafin wata ya kai Rano. Innarku ta yi kwana uku tana ajiye mini tuwo da ƙarfi.

"Shekara guda ka hana ni ɓantarar gefe ɗaya. Aka ƙone shi a banza, ko ruwan zafi ban dafa da shi ba. Sannan ka tashi ka ɗauki laifin wani ka aza a ka."

"Yayana ne."

"Ai na sani. Shi ya sa ban fasa kwanon ba."

Washegari da yamma Yaya ya dawo daga Kano, ya same ni zaune a bakin zaure. Ya zauna kusa da ni, abin da bai saba ba, ya ajiye mini ƙunshin tsire. Muka daɗe muna kallon farin yashin nan. Na ɗauka zai ce wani abu, shi ma ina jin ya ɗauka zai ce. Can ya yi gyaran murya.

"Amma dai wurin ya yi kyau."

"Ya yi kyau, Yaya."

Ba mu sake tayar da zancen ba har yau. Sai dai damina uku a jere, duk safiyar da aka kwana ana ruwa, ina ganinsa kafin ya tayar da mota yana zagaya wurin, hannu a baya, yana shaƙar iska. Wata biyu bayan zuwan nasu Dakta ta aiko ta bakin Malam Nuhu. Ta ce sun gwada iya gwadawa, abin da na'ura ta iya gaya musu kawai shi ne ƙwayayen sun dahu sosai. Ni ma na bi kututturan ɗorawa daga Fassi har Dawaki, damina bayan damina, ina durƙusawa ina shinshinawa. Na ga laimar kwaɗi iri-iri, ban sake ganin mai jar riga ba.

Baffanku yana nan da ransa, ya tsufa, ya ajiye tuƙi. Wannan takarda taku ce ku kaɗai. Wanda ya karanta ya riƙe a cikinsa, ya gaishe shi gobe kamar yadda ya gaishe shi jiya.

Abin da aka rasa a ranar, ga shi yadda na sani. Kututture ɗaya. Shingen da na ɗaure da hannuna. Zabi huɗu da zakara. Tukunyar matar Baffanku da aka yi dahuwar a ciki, wadda aka wanke da toka da sabulu har sau bakwai warin bai fita ba, aka bar wa agwagi. Sunana na yanka a kasuwar Kibiya, domin har gobe idan ka ce Haladu sai an tambaye ka wanne, sai ka ce Sarkin Juji a gane. Biyu da suka buɗe aka ƙone, uku da ba su buɗe ba aka dafa. Da kuma wata halitta ta Allah da ta zo ƙofar gidanmu sau biyu, ta koma ba a raɗa mata suna ba.